Kun lissafa ministoci, kun manta da iyayen masauki

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na daren Asabar a kan tarihin Lise Agabba, babbar makarantar sakandare ta Tawa, na saurare shi tun daga kiɗan buɗewa har sallama, kuma wallahi da ɓacin rai na kashe rediyo. Awa guda cur ana jero sunaye: wane ya zama minista, wane gwamna, wane likita ne a Faransa. Madalla, Allah ya ƙara girma. Amma wa ya ciyar da su? A gidan wa suka kwana? Ko da baki ɗaya ba ku ambaci iyayen masauki ba.

Ni daga wani ƙauye na wajen Ilela na zo Tawa a watan Oktoba na 1984, bayan na ci bureve, jarrabawar shiga lise. Duk wanda ya girma ya san shekarar nan, zamanin Kunce, ruwa ya ɗauke, rumbu babu ko zangarniya, shanu na faɗuwa a bakin hanya. Mahaifina ya sako ni motar kasuwa da akwatin ƙarfe da tabarma, ya ce in nemi gidan wani abokin cinikinsa a Bilbis. Ba dangin iya, ba na baba. Na iske yara biyu 'yan lakwal sun riga ni sauka a zaure, ɗaya daga Keita, ɗaya daga Buza. Maigidan ya dube ni ya ce, "Ajiye kayanka, ɗana." Shi ke nan.

Uwargidan, Inna muke ce mata, ita ta ɗauki nauyinmu shekara uku, daga segon, ajin farko na lise, har tarminal, ajin ƙarshe. Jar dawar taimako ake tuƙawa a lokacin, ita ma ba ta isa. Da idona na ga Inna ta raba tuwo, ta tura mana kwanonmu zaure, ta kankare ƙanzon tukunya ta jiƙa da ruwa, shi ne abincinta na dare. Idan bak, jarrabawar gama lise, ta matso muna bitar filo, wato falsafa, har tsakar dare, sai ta ɗauko fitilar ƙwai ta ɗakinta ta miƙo mana, ita ta kwana cikin duhu. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma idan ta ga kayye, littafin rubutunmu, a ƙasa sai ta ɗauka ta kaɗe ta ɗora bisa akwati. Ranar da aka kira sunana cikin waɗanda suka ci, guɗar da ta yi har maƙwabta sai da suka fito.

Irin Inna sun fi a ƙirga a garin nan, a Bilbis da Fakawa da sauran unguwanni. Yawancin manyan da kuka yi ta yabo a zauren wani suka yi karatu, ku tambaye su in ƙarya nake. Da ba a buɗe wa ɗan talakan ƙauye ƙofa ba, da ko ƙofar lise bai gani ba, balle Jami'ar Yamai. Wasu tsofaffin suna nan da ransu, ba su da nisa da gidan rediyonku. Me ya hana ku kai musu makirfo?

Ko sunan da makarantar ke ɗauke da shi ma a guje kuka wuce shi. Agabba ɗan Sarkin Agadas ne, shi ya ci Adar daga hannun Kabi, daga baya ya kafa gidan sarautar Adar da ke Ilela yau. Marigayi Djibo Hamani, wanda jami'ar garin nan ke amsa sunansa, ya yi rubutu mai yawa a kan haka. Yaranmu suna shiga ƙofar nan kullum ba su sani ba. Amma wannan zan iya yafewa. Na iyayen masauki ne ya tsaya mini a rai, don Inna ta rasu ban taɓa jin an gode mata a bainar jama'a ba.

Sai kuma maganar sanarwar rasuwa. Tun da kuka mayar da ita bayan ƙarfe goma na dare, mu masu kwana da wuri ba ma ji. Watan jiya sai bayan sadakar uku na samu labarin rasuwar wani tsohon malaminmu na lissafi. Don Allah ku dawo da ita bayan sallar isha'i kamar da, kuma mai karantawa ya rage sauri.

Naku mai sauraro,
Tsohon ɗalibi, daga Tawa