Barka da Sallah daga Nottingham, da wata alfarma da nake nema wajen Iya

Assalamu alaikum Umma, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana ya karɓi layyarmu. Auta nasan kai zaka karanta musu, to dan Allah ka karanta a hankali kar ka dinga tsallake layi kamar yadda ka saba, kuma ka bari sai Iya ta zauna dan akwai maganarta a ciki. Ki gaida min Baba sosai da su Yaya da Gwaggo da duk yaran gidan. Naga hoton ragon, masha Allah yayi kyau, amma fa kuɗin da aka ce an siye shi har yanzu ban gama farfaɗowa ba.

Mu nan munyi idi da safe, na saka atamfar da kika aiko min na ɗora rigar sanyi a kai, wai bazara ce amma iska kamar ta hunturu. Babu yanka a gida kin sani, sai dai ka biya mahauci a unguwar Hyson Green ya baka lamba ka dawo ka karɓi namanka a leda, ba jini ba babbaka ba yaran da zasu yi rigima akan kayan ciki. Rana bata faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, ga yini dogo ga ba kowa, ƙarfe biyu ma na koma wajen aiki dan basu bada hutun Sallah. Na tafi musu da cincin da dubulan, tsofaffin sun cinye cincin tas, dubulan kuwa sukace zai cire musu haƙoran roba.

To abinda yasa na zauna rubuta doguwar wasiƙa maimakon in kira kawai. Kinsan gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata tsohuwa da nake baki labari, wadda mantuwa ta cinye, har 'yarta ta cikinta wani lokacin bata ganewa. Wata uku da suka wuce ina gyara mata gado 'yar tata tazo ta kunna mata wata waƙa a waya, wallahi Umma tsayawa nayi da zanin gado a hannu. Mace ce ita kaɗai, ba ganga ba garaya ba 'yan amshi ba komai, murya ce tsurarta siririya tana hawa tana sauka tana ɗan karkarwa a ƙarshen baiti, kamar mutum na cikin ɗaki shi kaɗai yana aiki bai san ana jinsa ba. Tsohuwar nan da tun safe ko uffan bata ce ba sai gashi tana bin waƙar baiti baiti, bata kuskure ko kalma ɗaya ba, yatsunta na buga gefen bargo. Ni kuma abinda ya faɗo min a rai Iya ce durƙushe gaban dutsen niƙa da asuba, lokacin ina ƙarama ina kwance ina jiyo ta. Sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Na tambayi sunan mawaƙiyar akace Anne Briggs. Baba kar kace 'yarka ta tafi Turai ta koma jin kiɗan banza, da yawa daga cikin waƙoƙin ma babu kiɗan a ciki. Kuma abin mamaki 'yar nan garin ce, a Toton aka haife ta a 1944, wata unguwa ce a gefen gari, jirgin cikin gari da nake hawa can yake ƙarewa, sau nawa ina ganin sunan a goshin jirgin ban san komai ba. Na tambayi turawa huɗu da muke aiki tare, haifaffun nan, babu wanda ya taɓa jin sunanta. Ko ɗaya.

Marainiya ce, tarin fuka ya kashe uwarta tun tana ƙarama, uban kuma ya dawo daga yaƙin duniya na biyu da mummunan rauni, sai 'yan uwa suka riƙe ta. Tun tana yarinya ƙafarta bata zama, a 1959 ta hau keke ita da ƙawarta har Edinburgh can Sikotlan, tafiyar da tafi daga Funtua zuwa Abuja, a keke fa, yarinyar da bata wuce sha biyar ba. Auta kai da aike bakin kasuwa sai an haɗa ka da kuɗin mashin.

Lokacin nan a Ingila ana wani yunƙuri na farfaɗo da waƙoƙin gargajiya, dan su ma nasu sun kusa mutuwa, rediyo da faifan garmaho sun danne waƙoƙin manoma da masu haƙar kwal da masaƙa da ma'aikatan jirgin ruwa, sai tsofaffi a ƙauyuka kawai ke riƙe dasu. Tun wajen 1903 wani Cecil Sharp yake bin ƙauyuka yana rubutawa daga bakin tsofaffi, daga baya mawaƙa su Ewan MacColl da A. L. Lloyd suka ɗauko abin da ƙarfi, matasa suka dinga taruwa a ƙananan ɗakuna ana rera waƙoƙin kaka da kakanni. A 1962 wata tafiya ta ƙungiyoyin ƙwadago mai suna Centre 42, masu kai wasanni da waƙe garuruwan ma'aikata, ta biyo ta Nottingham, MacColl yaji muryar yarinyar nan yace ta hau dandamali a daren, tana da shekara 17. Daga nan ta bi su ta bar gida. Tsohuwar tamu 'yarta tace a wannan zamanin tana budurwa tana aiki a masana'anta take zuwa irin wuraren nan, shi yasa komai ya goge a kanta banda wannan.

Inda abin ya ɓata min rai shine nan. Akwai wata tsohuwar waƙar mutanen Ailan, Blackwaterside, akan yarinyar da saurayi ya yaudara ya barta, irin dai abinda mata ke waƙa akai a ko'ina. Anne ce ta koya wa abokinta Bert Jansch, wani gwanin jita, shi ya saka mata kiɗa ya fitar a faifansa a 1966. Sai Jimmy Page na ƙungiyar mawaƙa ta Led Zeppelin yaji, ya ɗauki salon kiɗan ya ɗan juya sunan ya koma Black Mountain Side, ya fito a faifansu na farko a 1969 da sunansa a matsayin mai shi. Faifan ya sayu kamar me, duniya ta san su, sukayi kuɗi na fitar hankali. Ita da ta kawo waƙar sai 1971 tata ta fito. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Haka mawaƙiya Sandy Denny, wadda tafi ta suna nesa ba kusa ba, har waƙa ta tsara akanta dan yadda take ganin girmanta, mawaƙa su June Tabor ma sun faɗa da bakinsu cewa jin muryarta ne ya sa su a hanya. Wato mawaƙa sun santa, jama'a ne basu sani ba.

Amma fa in za'a faɗi gaskiya harda halinta a ciki, ba wai danne ta kawai akayi ba. Bata son ɗakin ɗaukar murya ko kaɗan, bata son jin muryarta a faifai, a gayyace ta wasa ta ƙi zuwa ba labari bane, sai aji ta tsallaka Ailan tana yawo ƙauye ƙauye tana sauraren tsofaffi masu waƙa ba kiɗa, a can ma ta ƙara goge salon nata. Manyan faifanta uku ne kacal, biyu sun fito a 1971, na ukun ta ɗauka a 1973 ta saurara tace bai mata ba, ya zauna a ajiye fiye da shekara ashirin kafin a fitar. A wannan shekarar ta tattara ta koma arewacin Sikotlan bata kai talatin ba, ta kama shuke shuke da rainon 'ya'yanta, waƙa a bainar jama'a sai ɗan abinda ba'a rasa ba, kamar a 1990 da ta fito a taron tunawa da Lloyd wanda ya koya mata waƙoƙi da yawa. Da farko nace kai wannan ta cuci kanta, Allah ya baki irin wannan baiwa ki rufe ta a lambu? Daga baya da na yi ta ji sai na daina ganin haka. Muryar tata bata talla bace, ko a faifan zaka ji bata neman burge kowa, bata ja da ƙarfi dan a tafa, labarin kawai take baka ta koma gefe. Irin wannan in ka matsa mata da fitilu da kwangila lalacewa zata yi.

Kada kice na manta da namu, ina sane da Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, mu 'yan Funtua ai da ita muke taƙama, tun rasuwarta a 2013 ban ga wadda ta maye gurbinta a amada ba. Amma ita Barmani ta samu suna, tana da ƙwarya tana da 'yan amshi tana da biki, kaset ɗinta har yau ana samu. Wadda nake tunani ita ce waƙar da ba'a yi dan biki, ta niƙa, ta daka in ana lugude, ta daɓe, ta rarrashin yaro. Wa ya ɗauke su? Tunda injin niƙa ya shigo unguwa dutsen Iya ya koma abin zama a bakin rijiya, siminti kuma ya kashe daɓe. Ni kaina jiya a jirgi nayi ta ƙoƙarin tuno wadda take yi, mai habaicin nan ga uwar miji da in ta kai wajen take rage murya dan kar a jiyo a ɗaki, baiti biyu kawai na iya kamowa, sauran sun tafi, ni da nake kwana a bayanta. Tsohuwar baturiya mai ciwon mantuwa ta fini riƙe nata, dan ita wani ya tsaya ya ɗauka mata a faifai.

To ga alfarmar. Gobe in an zauna suyar nama kowa na tsakar gida, Auta ka cika wayarka da caji, na tura maka kuɗin data daban kar kace babu. Ka zauna kusa da Iya ka kunna ɗaukar murya, ba bidiyo ba, in taga kyamara zata fara gyara ɗankwali tace ita ta tuba da waƙa tun da taje Makka. Kar ka ce mata yi waƙa, bazata yi ba. Umma ke ki ɗauko mata baitin farko kiyi shi ba daidai ba da gangan, kinsan halinta bazata iya jurewa ba sai ta karɓe ta gyara miki, daga nan kuma sai abinda Allah yayi. In Gwaggo ta shiga da amshi ku ƙyale ta. A hana yara ihu na minti goma kawai, kuma Auta kar ka saka mata wani kiɗa a ƙasa ko ka ɗora a TikTok, ni kaɗai zaka turo wa, duk tsawonsa, harda tarin da dariyar da ƙarar kaskon suya.

Iya kishiyata ina gaisuwa, nasan kina ji kina taɓe baki. Turarenki da man zafin ƙafa suna wajen wata 'yar Zariya da zata taho ƙarshen wata, amma ba za'a baki ba sai naji saƙona ya shigo waya. Naman da zaku ajiye min a soya shi ya bushe sosai a zuba yaji, ita zata dawo min dashi. Ƙarfe goma ta wuce yanzu sai duhu ke shigowa, gobe shida na safe nake fita.

Taku har kullum,
'yarku ta Nottingham