A Gwada Ledar Ƙwallon Mangwaro a Wuraren Renon Itatuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci kan ledar da ake haɗawa daga ragowar 'ya'yan itatuwa, wadda takan ruɓe ta koma ƙasa, saɓanin ta man fetur da ke toshe mana magudanan ruwa a Sakkwato kowace damina, mahauta kuma suna ciro ta a dunƙule daga tumbin shanu da awaki.

Haɗin ba shi da wani sirri. Ana tatso sitaci daga ɓawo ko ƙwallo, a dafa shi da ruwa da gilisarin da ɗan ruwan khal, sannan a shimfiɗa shi ya bushe. A shekarar 2013 wata ɗaliba 'yar Turkiyya, Elif Bilgin, ta sami kyauta a gasar kimiyya ta Google saboda ledar ɓawon ayaba, alhali shekarunta 16, a Meziko kuwa har cokula ake ƙerawa daga ƙwallon fiya.

Sai dai a wurinmu ɓawon ayaba da na kankana ba shara ba ne, abincin dabbobi ne, kuma duk mai kiwo a cikin gida ya san haka. Abin da muke zubarwa da gaske shi ne ƙwallon mangwaro, wanda yakan taru tsibi-tsibi a bakin kasuwanni lokacin bazara, ga shi kuwa ƙwayar cikinsa cike take da sitaci.

Ledar sitaci ba ta jure ruwa sosai, saboda haka kada a yaudare mu da cewa za ta maye gurbin ledar fiya-wata. Inda nake ganin za ta amfane mu shi ne wuraren renon itatuwa, tun da jiharmu na fama da kwararowar hamada, kuma kowane ɗan itacen darbejiya da aka dasa sai an yage baƙar ledarsa an jefar a fili. Da mai ruɓewa ce, sai a binne ta tare da saiwar ba tare da an taɓa ta ba. Aikin da ke gaban masana shi ne gano haɗin da zai jure ban-ruwa na 'yan watanni kafin dashe.

Ina kira ga sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya gwada wannan a kakar mangwaro mai zuwa, gwamnatin jiha kuma ta ware masa wurin reno guda ɗaya domin gwajin.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Mabera, Sakkwato