Janar Grigorescu, mutumin igwa da ya tare hanya

Ranka ya dade Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili, kullum in ana maganar Yaƙin Duniya na Ɗaya sai Jamus da Faransa da Ingila, kamar Romaniya ba ta sha wuta ba.

Akwai wani hafsansu Eremia Grigorescu, an haife shi a 1863, sojan igwa ne tun asali, ya yi makarantar atilare a ƙasarsu sannan ya tafi Faris ya ƙaro lissafi, dama harba igwa ai lissafi ne, in ka kuskure awo ko naka mutanen sai ka zuba wa. A hankali ya riƙa hawa har ya kai janar.

A 1916 shi ya riƙe mashigar Oituz a tsaunukan Kafatiya ya hana sojojin Jamus da Ostiriya kutsawa, daga nan aka san shi da kalmar nan tasa, wai ta nan ba a wucewa. Amma ni abin da ya fi burge ni yaƙin garin Marasesti ne a Agustan 1917, ana tsakiyar gumurzu aka damƙa masa Runduna ta Ɗaya, ga Mackensen, kwamandan sojojin Jamus, a gaba, ga sojojin Rasha ƙawayen Romaniya sun fara sanyin jiki saboda juyin juya hali a gida, duk da haka Jamusawa ba su samu hanya ba.

Ya riƙe ministan yaƙi na ɗan lokaci a 1918, ya rasu a 1919. Kabarinsa na can Marasesti tare da sojojinsa.

Naku,
Wani mai karatu