A riƙa faɗa mana wanda ya tsara kiɗan fim

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan shafinku na finafinai. Ina bibiyar shafin, ina kuma ƙaruwa da shi, sai dai akwai mutum guda da kullum ake tsallakewa. Za a kawo sunan jarumi da jaruma, a kawo na darakta, wani lokaci har da na mai ɗaukar hoto, amma wanda ya zauna ya tsara kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin labarin ba a cewa uffan a kansa. Ba mawaƙin da ya rera waƙa nake nufi ba, shi kam yana samun rabonsa na yabo. Ina nufin wanda ya yanke shawarar inda ganga za ta shigo, inda goge zai yi kuka, da inda komai zai yi tsit. Ni dai waɗannan mutane su ne suka fi riƙe min zuciya a harkar fim, shi ya sa nake so in ambaci kaɗan daga cikinsu, ko wani mai karatu zai waiwaye su.

Na farko a wurina shi ne Maurice Jarre, Bafaranshe, haifaffen birnin Liyon a 1924. Da yawa daga masu karanta wannan jarida sun san aikinsa sarai ko da ba su taɓa jin sunansa ba, domin shi ya yi kiɗan The Message, wato Ar-Risala, fim ɗin da Mustafa Akkad ya fitar a 1976 kan tarihin farkon Musulunci. Na san akwai malaman da ba su aminta da fim ɗin ba tun fitowarsa, kuma ba wannan muhawarar ta kawo ni ba. Aikin da aka ɗora wa mai kiɗan nake so a duba. An yi fim ɗin bisa sharaɗin ba za a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba kuma za a ji muryar wani a madadinsa ba. To ta yaya mai kallo zai gane cewa sahabbai suna gabansa? Kyamara takan tsaya a matsayin inda yake, mutane su fuskanto ta cikin ladabi, sai wani sauti siriri mai sanyi ya taso a hankali, ba hayaniya, ba bugun ganga. Da zarar kunnenka ya saba da sautin nan, ba ka buƙatar a yi maka bayani. Mai tsara kiɗa da ba shi da kamun kai da ya cika wurin da kakaki da tambura don ya nuna girma. Jarre ya gane cewa girman da ake magana a kai ya fi ƙarfin kayan kiɗansa, sai ya ja baya. Wannan ja da bayan shi ne abin da na fi girmamawa a duk aikinsa.

Kuma ba don bai iya cika wuri ba ne. Asalin horonsa a makarantar kiɗa ta Paris a kan kayan bugawa ne, ganguna da danginsu, kuma duk wanda ya ji yadda Lawrence of Arabia na 1962 ya buɗe da rugugin tambura ya san hannun makaɗi ne. Wannan fim ya ba shi kyautar Oscar ta farko, ya ƙara ta biyu da Doctor Zhivago na 1965, ta uku da A Passage to India na 1984. Kiɗan Ar-Risala ma ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar, amma a bikin 1978 John Williams ne ya ɗauke ta da Star Wars. Ba na ƙin Williams, gwani ne na gaske, sai dai da ni ke da ƙuri'a a ranar, Jarre zan ba.

Akkad ya sake kiransa a Lion of the Desert, labarin Umar Mukhtar, malamin da ya yi shekara kusan 20 yana yaƙar mamayar Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Akwai wurin da nake so mai karatu ya koma ya kalla da kunne a buɗe: bayan an zartar da hukuncin, tabaran tsohon ya faɗi ƙasa, wani ƙaramin yaro ya zo ya ɗauka. Na taɓa kashe sautin talabijin a daidai nan don ɗana ya ga bambanci. Da babu sauti, abin da ya gani yaro ne ya sunkuya ya ɗauki tabarau. Da na mayar da sautin muka sake kallo, bai ce komai ba, sai da aka gama rubutun ƙarshe ya tambaye ni wane ne ya yi kiɗan. Jarre ya rasu a 2009.

Na biyu shi ne Ennio Morricone, ɗan birnin Rum, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 2020, bayan ya yi wa finafinai da shirye-shiryen talabijin sama da 400 kiɗa. Yadda ya mayar da rashi ya zama salo shi ke burge ni. Lokacin da Sergio Leone, wanda suka yi makarantar firamare tare, ya fara finafinan kaboyi a 1964, babu kuɗin ɗaukar babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Amurka. Sai Morricone ya kama abin da ke kusa: fito da baki, karar bulala, ƙararrawa, jita mai lantarki, da muryoyin maza suna ihu. Sautin nan da kowa ya sani na The Good, the Bad and the Ugly na 1966, kukan wani karen daji na Amurka ya kwaikwaya. A ƙarshen fim ɗin mutum uku suna tsaye a tsakiyar maƙabarta, kowa hannunsa kusa da bindiga, mintoci suna wucewa ba wanda ya furta kalma. Kyamara tana zuwa kan ido, ta koma kan yatsa, ta dawo kan ido. Kiɗan ne kaɗai ke hawa yana sauka, yana ƙara matse maka ƙirji, har ka manta ba abin da ya faru tukuna. Leone ya yarda da shi har ta kai a Once Upon a Time in the West na 1968 an riga an rubuta kiɗan kafin a fara ɗauka, ana kunna shi a wurin aiki, 'yan wasa suna daidaita takunsu da shi. Duk da haka sai a 2016, yana da shekara 87, ya ci Oscar ta gasa, ban da ta girmamawa da aka ba shi a 2007. Wannan jinkiri yana yi min ciwo har yau.

A finafinan Indiya rashin adalcin ya fi fitowa fili. Tambayi duk mai son su, zai lissafo maka Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar ba tare da ya numfasa ba. Tambaye shi wa ya tsara waƙoƙin Mother India na 1957 ko Mughal-e-Azam na 1960, sai ya yi shiru. Naushad ne, mutumin da ya ɗauko tsohon kiɗan gargajiyar ƙasarsu, wanda a da sai a fada da zauren masana ake jin sa, ya shigar da shi silima har talaka ya riƙa rera shi a hanya. Amma wanda na fi so a cikinsu R. D. Burman ne, mai kiɗan Sholay na 1975. Kunnensa ba ya raina komai. Yakan busa bakin kwalba ko ya goga takarda mai kaushi ya fitar da sautin da ya dace da waƙa. A ƙarshen rayuwarsa furodusoshi sun juya masa baya, suna ganin zamaninsa ya wuce. Ya rasu a farkon 1994, kafin fitowar 1942: A Love Story, aikin da ya sa waɗanda suka guje shi suka dawo suna yabo, aka ba shi kyauta bayan ba ya nan. A. R. Rahman shi kam ya yi sa'a an san sunansa tun yana matashi. Daga kiɗan tallace-tallace ya fara, Roja na 1992 ya fito da shi, a 2009 kuma ya ɗauki Oscar biyu da Slumdog Millionaire, ko da yake a kunnena ayyukansa na farko sun fi wannan zurfi nesa ba kusa ba.

Talabijin aikinta daban ne. Mai kiɗan shiri mai dogon zango yana da ƙasa da minti biyu ya yi abin da zai kira mutum daga wani ɗaki, kuma kada ya gundure shi ko da ya ji shi mako bayan mako har shekaru. Ramin Djawadi, wanda aka haifa a Jamus, mahaifinsa ɗan Iran, ya iya wannan. Shi ya yi na Prison Break a 2005, sannan na Game of Thrones a 2011, inda masu shirin suka ce masa ba sa son sarewa domin an cika amfani da ita a irin waɗannan labarai, sai ya ɗora komai a kan selo, babban gogen nan mai kaurin murya. Hildur Gudnadottir, 'yar ƙasar Aisland, ta bi wata hanyar a Chernobyl na 2019: ta je wata tashar nukiliya da aka daina aiki da ita a Lituweniya, ta naɗi ƙarar ƙofofi da bututu da injuna, da su ta gina kiɗan gaba ɗaya. Ba abu ne da za ka kunna don nishaɗi ba, amma tsoron da ke cikin shirin daga can yake fitowa.

Hans Zimmer ina ganin ƙoƙarinsa, musamman The Lion King na 1994, sai dai a nan ma a tuna muryar da ta buɗe fim ɗin ta Lebo M ce, ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya tsara amshin mawaƙan. Damuwata da masu kwaikwayon Zimmer ce, waɗanda suka ɗauka ƙara ita ce ƙarfi, suna cika fim da rugugi daga farko har ƙarshe, ba sa barin mai kallo ya ji numfashin ɗan wasa.

Nahiyarmu ma tana da nata, kuma su aka fi mantawa. Manu Dibango na Kamaru ya yi wa Usman Sembene, daraktan nan na Senegal, kiɗan Ceddo a 1977. Salif Keita yana cikin waɗanda suka yi na Yeelen, fim ɗin Sulaiman Sise na Mali, a 1987. Francis Bebey ya yi na Yaaba a 1989, Abdullah Ibrahim kuma ya yi na Tilai a 1990, dukansu na Idrisa Wedrawogo ɗan Burkina Faso. Yabon gwani ya zama dole, amma ba a yabon wanda ba a san sunansa ba.

Roƙona bai da tsada, ya Edita. Duk fim ɗin da za ku yi sharhi a kansa, na gida ne ko na waje, a ƙara layi ɗaya a faɗi wanda ya tsara kiɗan, mai sharhin kuma ya gaya mana ko kiɗan ya taimaki labarin ko ya danne shi. In da hali, lokaci-lokaci a tura wakilinku situdiyo ya zauna da ɗaya daga cikin matasan da ke wannan aiki, ya tambaye shi yaushe darakta ke kawo masa fim, kwana nawa ake ba shi, da kuma ko ana rubuta sunansa a jikin aikin.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku