Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin gem ɗin da ya rufe mana ƙofa don muna kan Linux

Salamu alaikum, in dai akwai mai amsa sallama a ofishin naku, don imel uku na tura muku kuma duk ukun amsa ɗaya aka dawo min da ita, ko waƙafi ba a canza ba.

Ba zan kama sunanku ba, kun san kanku, masu buga gem ɗin ma sun sani. Ni kwastomanku ne daga Kano, kuɗina na sa na sayi gem ɗinku a Steam, kasuwar gem ta intanet ta kamfanin Valve, shekara ɗaya da 'yan watanni da suka wuce, na buga sama da awa 300, sai kawai rana ɗaya kuka saki afdet gem ya daina buɗewa a kwamfutata. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, ban yi laifin komai ba, Linux nake amfani da shi kawai a madadin Windows, shi kenan laifin.

Bari in faɗa muku yadda aka yi na koma Linux, don na lura a wajenku duk wanda ba ya kan Windows ɗan kutse ne mai zama a ɗaki mai duhu. Laftof ɗina tokumbo ce, a Farm Centre na saye ta, Core i7 zubi na bakwai da katin hoto na Nvidia GTX 1050, tana aikinta tsaf. Microsoft suka ce Windows 11 sai mai furosesa daga zubi na takwas zuwa sama da kuma wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, Windows 10 kuma tun da wuri aka sanar za a daina kula da shi ranar 14 ga Oktoba 2025. To ya kuke so in yi, in jefar da kwamfuta mai lafiya in sayi sabuwa a wannan tsadar? Sai na ɗora Linux Mint, kyauta ne, ba lasisi ba kirak, kuma wallahi kwamfutar har sauƙin numfashi ta samu, fankar ta daina ihun da take min.

Kuma ban sayi gem ɗinku da ka ba. Sai da na leƙa ProtonDB inda masu Linux suke rubuta gem kaza yana yi gem kaza ba ya yi, na tarar naku yana matakin Gold, mutane suna ta cewa danna kawai ka buga. Sannan na zo biya katin naira ya ƙi wucewa, sai da na nemi wani abokina mai katin dala na tura masa naira a farashin Wapa har da ɗan abin da ya ɗora, shi ya biya min. Saukewa kuma giga 70 da wani abu, data ta dare na dinga saye ina tashi sha biyu ina gadin layin nan yana tafiya kamar hawainiya, a ɗauke wuta batir ya mutu in haƙura sai gobe, dare biyar na yi a haka, na ƙarshen ma a shagon wani mai sola na ƙarasa ina zaune kan benci sauro na cizo na. Ku a can ƙila minti ashirin ne wannan. Ina faɗa ne don ku san abin da kuka kashe da layi ɗaya a takardar afdet.

Ranar da abin ya faru daren Asabar ne, mu huɗu muka saba haɗuwa bayan isha'i, biyu a nan Kano, ɗaya a Zariya, ɗaya yana karatu a Masar. Afdet ya zo giga 9, na sauke, na danna koren madannin nan na Steam ya koma shuɗi kamar zai tashi, daƙiƙa biyar ya dawo kore. Na sake, haka. Ko saƙo babu, ko ɗan akwatin da zai ce min ga matsalar. Abokai suna ta kira a WhatsApp wai kai muke jira, ni kuma na ɗauka ni na ɓata wani abu, don mu masu Linux mun saba in abu ya ƙi yi kanmu muke fara zargi. Na canza Proton, manhajar da ke sa gem ɗin Windows ya yi a Linux, na koma tsohon zubi, na gwada Proton Experimental, na sauko da GE-Proton, na goge foldar compatdata ta gem ɗin gaba ɗaya ta sake ginuwa, na sa Steam ya binciki fayiloli ko akwai wanda ya lalace, na sabunta direban Nvidia, na sa PROTON_LOG=1 na zauna ina karanta log, wato rahoton abin da ke faruwa in gem zai tashi, mai layi dubbai har ƙarfe uku na dare idona na ruwa. Dare biyu a haka. Sai a rana ta uku na je na karanta bayanin afdet ɗin naku tun daga sama, can ƙasa, bayan labarin sababbin riguna da gyaran bindiga kaza, aka rubuta wai daga yau an daina barin masu Linux da Steam Deck (na'urar gem ta hannu) su shiga, don kare 'yan wasa daga masu maguɗi. Haba jama'a. Abin da ya kamata ya zama kanun sanarwa, wata guda kafin ranar, shi kuka cusa a ƙasan tabarma.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba ku taɓa yin wahalar komai a kanmu ba. Ba ku rubuta mana gem na Linux ba, ba mu ma roƙe ku ba. Fayil ɗin Windows ɗin nan da kuke sayar wa kowa shi muke saya, wasu ne daban suka yi aikin sa shi ya yi a wajenmu. Wine tun 1993 mutane suke gina shi, da yawa don sa kai, kuma ba wai kwaikwayon wata kwamfuta yake yi a cikin kwamfuta ba, tafinta ne, gem ya yi magana da yaren Windows shi kuma ya juya wa Linux nan take. DXVK yana juya DirectX 9 da 10 da 11, yaren hoto na Windows, zuwa Vulkan da Linux yake ji, VKD3D-Proton yana yi wa DirectX 12 haka. Valve suka haɗa kai da CodeWeavers suka tattara waɗannan suka fito da Proton a watan Agusta 2018, daga baya a Fabrairu 2022 suka fito da Steam Deck wanda shi kansa Linux ne a cikinsa, SteamOS da aka gina kan Arch, kuma mutane sun saya ana buga dubban gem a kai. Wato kasuwa aka buɗe muku kyauta, kuna zaune kuɗi na shigo muku daga mutanen da ba ku kashe ko sisi a kansu ba.

Maganar manhajar hana maguɗi ma an riga an share muku hanya. Tun Satumba 2021 Epic suka sanar Easy Anti-Cheat yana aiki da Wine da Proton, BattlEye ma suka ce haka, abin da ya rage kawai mai gem ya yarda a kunna masa. Ku ma kun kunna, shi ya sa na yi shekara ina bugawa lafiya lau. Yanzu kuka sa hannu kuka kashe. Rijiya ta bayar guga ya hana kenan.

Ni ba zan yi muku ƙarya in ce ba ku da hujja ko kaɗan ba. Na san a Windows manhajar nan tana shiga har cikin kanel, can ƙuryar da take ganin duk abin da ke motsi a kwamfuta, a Linux kuma daga waje take tsayawa kamar kowace manhaja, kuma mutum zai iya gina kanel ɗinsa da hannunsa ya ɓoye abin da yake so. Gaskiya ne wannan. Kuma masu maguɗi ni ma sun ishe ni, ba abin da ya kai ka yi minti ashirin kana lallaɓawa wani ya harbe ka ta bayan bango daga inda ko ganinka bai kamata ya yi ba. Amma ku tsaya mu yi lissafi. In an tambaye ku me ya sa ba kwa kula da Linux sai ku ce ai ba su da yawa, kuma haka ne, a ƙididdigar Steam 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari. In kuma an tambaye ku me ya sa kuka kore su sai ku ce su suka cika gem da maguɗi. Wanne za mu ɗauka? Ba ku nuna mana alƙaluma ba, ba ku ce daga cikin akawun kaza da muka kama kaza suna Linux ba, kun dai yi mana kuɗin goro kun shafa mana kashin kaji gaba ɗaya. Abokaina ukun nan duk Windows suke, tun da kuka kore mu suna ci gaba da bugawa, kuma har jiya na Zariyan yana turo min bidiyon wani yana juyi kamar fanka yana kashe mutum biyar a tare. Masu maguɗin gaske yanzu ma da ƙarfe suke yi, kati ne ake sakawa a kwamfuta yana karanta memori yana aika wa wata kwamfutar ta biyu, manhajarku tana zaune a kanel tana gadin ƙofa ɓarawo ya shiga ta taga. Abin da zai kama irin waɗannan a sabarku yake, ku duba wanda harbinsa ba na ɗan Adam ba ne, ku ɗauki mutane su duba rahoton da muke turawa, amma wannan yana cin kuɗi, korar mu kuma kyauta ce.

Ni fa ko a Windows ɗin ma ban ga abin murna ba a ce saboda wasa na ba wani kamfani makullin ƙuryar kwamfutata, inda nake ajiye aikina da hotunan iyalina. Kowa ya ga abin da ya faru ranar 19 ga Yuli 2024 da afdet ɗin CrowdStrike ya tafi da kuskure, Microsoft da kansu suka ce kwamfutoci kusan miliyan 8.5 abin ya shafa, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, kuma wannan kamfanin tsaro ne sana'arsu kenan. Amma bar wannan, kowa da abin da ya yarda da shi.

Mu zo kan kastoma kiya ɗinku. Imel na farko na yi bayani tiryan-tiryan har da log na haɗa, aka ce min in sake kunna kwamfuta in tabbatar Windows ɗina na zamani ne. Na biyu na rubuta da manyan baƙi cewa LINUX nake, aka dawo min da wancan saƙon dai. Na uku na ce to a dawo min da kuɗina, shi ma haka. Sai da na bi ta wajen hira kai tsaye na yi jiran kusan awa ɗaya sannan na samu mutum, baiwar Allah tana da ladabi ba zan ɗora mata laifi ba abin da aka rubuta mata take karantawa, ta ce wai dama can ba ku taɓa cewa a hukumance kuna tallafa wa Linux ba. To in haka ne wa ya kunna makunnin? Da hannun wa aka karɓi kuɗin tikitin kaka, wanda ake saya duk sabon zangon gem, har sau uku da na rigunan da na saya a ciki, alhali sabarku tana ganin da me nake shiga kullum? Lokacin karɓa ba ku ce ba a hukumance ba ne. Ta ce in nemi Steam, su kuma ƙa'idarsu a fili take tun kafin in saya, kwana 14 da sayen gem kuma kar ka wuce awa 2 kana bugawa, ni da na yi awa 300. Kun san da wannan sarai shi ya sa kuke tura mu can. Da na ce to zan gwada Windows a cikin kwamfutar bogi, wadda ake kwaikwaya da manhaja a cikin Linux, ta ce kar in soma za a iya rufe min akawun ɗin ɗungurungum.

Wani abin haushin kuma, gem ɗin nan yana da ɓangaren labari da mutum yake bugawa shi kaɗai, ba intanet ba abokin hamayya. Shi ma kun kulle. Wa zan yi wa maguɗi a can dan Allah, kaina? Na kai kusan ƙarshe, saura babi biyu, ajiyata tana nan a faifai ina kallonta ba halin buɗewa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku mayar da makunnin yadda yake, in kuma tsoron maguɗin ne da gaske to ku ware mu a namu ɗakin mu buga da junanmu, mun yarda ko jiran zai yi tsawo, dama mu daga nan sabar Turai muke shiga da fing, wato jinkirin intanet, ɗari da wani abu mun saba da haƙuri. In wannan ma ba za ku iya ba ku cire manhajar gadin daga ɓangaren labari, aikin yini ɗaya ne a wajen injiniyoyinku. In duk kun ƙi, ku dawo min da kuɗin gem da na abin da na saya a ciki, a dalar da na biya ba wasu tsabobin cikin gem da ba zan iya shiga in kashe ba, don na ji an yi wa wani tayin haka kuma wallahi rainin hankali ne. Sannan ku rubuta a saman shafinku na Steam da manyan baƙi cewa ba kwa son masu Linux, tunda dai tun Oktoba 2024 Valve suka wajabta wa masu gem su bayyana a shafi in suna da manhajar da ke shiga kanel, ƙara layi ɗaya ba zai gagare ku ba, kar wani yaron ya je ya yi dare biyar yana saukewa kamar yadda na yi.

Na riga na je ProtonDB na rubuta cewa gem ɗin ya mutu a Linux, na canza sharhina a Steam daga yabo zuwa akasinsa da bayanin dalili, kuma in kun gyara da hannuna zan koma in mayar. Giga 80 ɗinku suna nan sun cika min faifai, na ba ku zuwa ƙarshen wata, in ban ji daga bakin mutum mai rai ba zan goge in sa wani. Mu huɗun ma mun fara duba wanda za mu koma, na Masar ɗin ya ce shi ma Steam Deck yake tara kuɗin saya.

Naku,
wani kwastoma daga Kano