Zuwa Ga Edita: Mai Neman Keken Gudu A Shimfiɗaɗɗiyar Hanya Ya Daina Tambayar Kilo Nawa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da abokan aikinka, don Allah ina roƙon ka ɗan bani fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna, batun keken tsere ne, irin mai siririn taya da lanƙwasasshen kai ɗin nan, musamman masu tsadar gaske da mutum zai daɗe yana tari kafin ya mallaka. Na yi shekaru ina tuƙa irinsa kuma kusan duk wanda ya zo neman shawara wajena tambayarsa ta farko ɗaya ce, kilo nawa ne? Zakaga mutum ya ɗaga keke da yatsu biyu yana murna wai ya samu mara nauyi, in ka tambaye shi ina zaka riƙa tuƙa shi sai yace miƙaƙƙiyar kwalta ce shimfiɗaɗɗiya babu tudu babu gangara, shi dai gudu yake so. To wallahi anan ne nake jin ciwo, don kuɗinsa ya tafi inda ba zai amfane shi ba.

Nauyi a hawan tudu yake da magana, nan kam ko wane giram sai ka ji shi a cinyarka. Amma a fili abin da ke riƙe ka iska ce. Kuma ba wai sai ana iska ba, ko ganye baya motsi kai da kanka kake kutsawa cikinta, in ka ninka gudunka sau 2 turjiyar iska sau 4 take ninkuwa, ƙarfin da zaka zuba a feda don ka riƙe wannan gudun kuma sau 8, shi yasa daga kilomita 20 a awa zuwa 25 ba wani abu bane amma daga 35 zuwa 40 sai kaji kamar an ɗaura maka igiya ana ja ta baya. Da zarar ka wuce kilomita 30 a awa, kusan kashi 80 cikin 100 na wahalarka ko fiye da iska kake yinta. Shi kuwa kilo 1 da aka rage maka a jikin keke, in kana tafiya a fili da gudun 36 a awa, abin da zai sauƙaƙa maka bai kai wat 1 ba (wat shine ma'aunin ƙarfin da kake zubawa a feda), ko rabinsa da ƙyar. Kai ko ƙwararrun 'yan tsere hukumar kekuna ta duniya UCI tun shekarar 2000 ta hana su hawa keken da bai kai kilo 6.8 ba, kuma a ranakun da hanya take shimfiɗe da yawansu kekensu ya haura kilo 7 kuma ko a jikinsu.

Duk mai shakka ya tuna abin da ya faru a gasar Tour de France ta 1989. Ranar ƙarshe tseren agogo ne, kowa shi kaɗai, kilomita 24.5 daga Versailles zuwa cikin Paris, Laurent Fignon ɗan Faransa yana gaban Greg LeMond ɗan Amurka da daƙiƙa 50, kuma kowa ya ɗauka an gama don tazarar tayi gajarta a ce an cike wannan giɓin. LeMond ya fito da wasu ƙarafa biyu a gaban kan kekensa da yake ɗora gwiwar hannu a kai ya haɗe kafaɗunsa ya duƙa, ga hula mai tsini ta baya, shi kuwa Fignon ko hula babu gashinsa na tashi, hannuwa a buɗe ƙirji na tarar iska, duk da cewa shi ma kekensa ba na wasa bane don wili rufaffe kamar faifai mai yanka iska ya sa gaba da baya. LeMond ya fi shi da daƙiƙa 58 a ranar, ya ci gasar gaba ɗaya da daƙiƙa 8 kacal bayan sati uku da sama da kilomita 3,000. Bance wannan kaɗai ne dalili ba, Fignon yana fama da ciwo a wajen zama a kwanakin, amma dai duniyar keke daga ranar ta gane cewa yadda mutum ya zauna a kan keke ya fi abin da ya zauna a kai. Haka tarihin tseren awa ɗaya, wanda ake auna nisan da mutum zai ci cikin awa guda, Eddy Merckx ya yi kilomita 49.431 a 1972, Francesco Moser ya zo da rufaffen wili a 1984 ya yi 51.151, a 2022 Filippo Ganna ya kai 56.792 a Siwizalan, kuma keken Ganna ya fi na Merckx nauyi nesa ba kusa ba.

To ga inda nake so masu karatu su tsaya su ji da kyau. A cikin duk turjiyar iskar nan, jikinka ne ke ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu, keken da ka zuba wa dukiya ragowar kawai yake ɗauka. Kenan keken da ya fi kowanne gudu a wajenka shine wanda zaka iya duƙawa a kansa, gwiwar hannu a lanƙwashe baya a miƙe, ka yi awa biyu a haka ba tare da ƙugu ya riƙe ko wuya ya sage ko hannu ya mutu ba. In keke ya fi ƙarfin bayanka minti 20 zaka yi ka miƙe zaune kamar mai tuƙa keken kasuwa, shikenan duk wata dabarar da injiniyoyi suka kwana suna yi a ɗakin gwajin iska ta tashi a banza. Ni kaina na faɗa wannan ramin. Na taɓa sayen keke na zaɓi girmansa da tsayina kawai, mai sayarwa yace ai zaka saba, ban saba ba, ya yi min tsawo ta gaba, wata shida ina fama da ciwon wuya da kafaɗa, kuma abin takaicin kan keken da wuyansa a haɗe suke ƙira ɗaya, wayoyin birki duk sun bi ta ciki, ba yadda za a yi a canza wuya kaɗai sai dai a sayi sabon kai sukutum a sake zare wayoyi a sake ɗura man birki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Shi yasa nake cewa kafin ka saya ka je a auna ka wajen wanda ya san aikin, ka san lambobi biyu na firam, tsayinsa daga gindin feda zuwa saman wuya da kuma miƙewarsa zuwa gaba, don 54 ko 56 da ake rubutawa a matsayin girman keke kowane kamfani da irin nasa awon. Kuma ka nace a baka faɗin kai da tsawon wuyan da ya dace da kai tun a wajen saye. Da yawa kan da ake haɗowa da shi santimita 42 ko 44 ne alhali 38 ko 40 zai fi tattara musu kafaɗa.

Shi firam ɗin kansa ba zan ja dogon zance ba. Kusan duk manyan kamfanoni suna da wanda suka ƙera don yanka iska, Cervélo S5, Canyon Aeroad, Giant Propel, Scott Foil, Trek Madone, zaka gane su da faffaɗan bututu ta gefe siriri ta gaba. Bambancin da ke tsakaninsu a gudu kaɗan ne ƙwarai, bai kai bambancin da ke tsakanin kai a duƙe da kai a miƙe ba. Su kansu kamfanonin sun fara haɗe keken yanka iska da na hawan tudu a ƙira ɗaya, Specialized ta ajiye kekenta na yanka iska Venge a 2020 tace Tarmac SL7 ya isa duka biyun, Trek ma a 2024 ta narkar da Émonda cikin Madone. Abin da nake hana mutum shine ya ɗauki na hawan dutse zalla irin su Aethos don kawai ya ji shi kamar takarda a hannu, keke ne mai kyau amma ba don wannan aikin aka yi shi ba.

Wili kuma nan ne kuɗi ke da amfani. Rim mai zurfin milimita 50 zuwa 60 shine daidai ga yawancin mutane a fili, amma fa a sani fili shine gidan iskar gefe, babu tsauni babu abin da zai tare ta, kuma rim mai zurfi a gaba in iska ta buge shi ko babbar mota ta wuce ka da gudu sai kaji kan keken ya fizge, in kai mara jiki ne ko baka daɗe da farawa ba ka tsaya a 45 ko 50 a gaba, na baya ko ya fi zurfi ba matsala. Masu 80 a bar wa 'yan tseren agogo.

Sai taya, wadda ita ce aka fi rainawa kuma ni a ganina babu inda ƙaramin kuɗi ke sayen gudu kamar nan. Da can an yarda cewa taya siririya milimita 23 a bunƙara mata iska har ta zama kamar dutse ita ce mai gudu, mu ma haka muka taso muka gani, kuma in ka hau zaka rantse gudu kake don komai na karkarwa. Ashe karkarwar nan ƙarfinka ne ke zubewa, kwalta ba gilashi bace, taya mai tauri tsalle take a kan ƙananan duwatsu maimakon ta haɗiye su. Yanzu ƙwararru 28 zuwa 30 suke sawa da iska sassauƙa, da yawa kuma mara tub mai ruwan like faci a ciki, ga gudu ga riƙon hanya a kwana ga sauƙin jiki, kuma sauƙin jikin nan shi ke baka damar ka daɗe a duƙe, kaga mun sake dawowa kan maganar farko. Don haka ka tabbata firam ɗin yana ɗaukar taya aƙalla 30 ko 32, kuma in keken ya zo da taya mai arha, wanda sau da yawa haka ake yi ko a masu tsada, ka cire ka sa mai kyau irin su Continental GP5000 tun ranar farko.

Wajen giya kuwa don Allah kar a ruɗe ka. Shimano Dura-Ace da Ultegra duka giya 12 ne a baya duka da lantarki suke canzawa, in an rufe maka ido ba zaka bambance su ba, abin da ya raba su 'yan giram ne da suna, haka SRAM Red da Force. Tunda mun riga mun ce giram ba shine damuwarka ba, ka ɗauki na biyun, ragowar ka zuba a wili da taya da awon jiki da na'urar auna wat a feda, wadda ita ce zata gaya maka gaskiyar ƙarfinka ranar da iskar gaba ta sa agogon gudu ya yi maka ƙarya. Abin lura kawai yawan haƙoran giya, 52/36 a gaba, wato babban faifai 52 ƙarami 36, ya ishi kusan kowa, 54/40 sai wanda ƙafarsa ta kai da gaske, a baya kuma ka nemi 11-28 ko 11-30 masu haƙora kusa da juna, don a fili abin haushi ne ka canza giya ɗaya ka ji wannan ta yi nauyi waccan ta yi sako-sako babu ta tsakiya.

Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin takaici in naga mutum a kan keke na ƙarshen ƙarshe amma rigarsa na kaɗawa kamar tuta, cen ɗinsa baƙi ƙirin da ƙura da tsohon mai. Riga mai kama jiki da hular kwano mai santsi da cen mai tsafta zasu iya baka abin da canza firam bazai baka ba. Hular kuma ba don gudu kaɗai ba, wanda ke tafiya 40 a awa bai da dalilin fita babu ita.

Abu biyu na tsaro kafin in ajiye alƙalami. Wasu in sun ji labarin LeMond sai su ce to bari su sa ƙarafan nan ko su sayi keken tseren agogo gaba ɗaya. In kai kaɗai kake tuƙi a hanyar da babu cunkoso to, amma in cikin ayari kake tafiya kar ka kuskura, hannunka ya yi nisa da birki, shi yasa ma aka haramta su a tseren da ake tashi tare, kuma dama bin bayan wani kurkusa yana rage maka kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala ba tare da ka sayi komai ba. Na biyu kabon, wato abin da ake ƙera firam ɗin irin waɗannan kekuna da shi, baya lanƙwasa ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, yana iya tsagewa ta ciki fenti na nan lafiya, don haka in na hannu zaka saya a duba shi sosai musamman cokalin gaba mai riƙe wilin gaba da wajen wuya, a guji jabun firam da ake manna wa sunan manyan kamfanoni, kuma notinsa da sifana mai awon ƙarfi ake ɗaurewa daidai lambar da aka rubuta a jiki, ba a murɗa har sai ya yi ƙara ba.

Malam Edita ina roƙon shafinku na wasanni ya riƙa ɗan waiwayar keke lokaci zuwa lokaci, matasa da yawa sun fara sha'awarsa kuma masu sayarwa ne kaɗai ke basu bayani. Shi kuma mai niyyar saye, in da hali ya nemi a bashi keken ya gwada na awa guda, ya fuskanci iskar gaba da gangan ya riƙe ƙasan kai ya duƙa, in ya dawo wuyansa da ƙugunsa lafiya sai a zauna maganar ciniki.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu kuma matuƙin keken tsere