Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni: "A ina za a samo kuɗin?"

Assalamu alaikum ɗana,

Ranar Asabar, a shirin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo waya ana saura minti uku a tashi. Ka ce kana karanta tattalin arziki a Jami'ar Bayero, sannan ka jefo mini tambayar da har yau abokan zamana na majalisa suke tsokanata da ita: "Baba, kullum kuna kukan cire tallafi da sakin naira. To a ina gwamnati za ta samo kuɗin? Ko so kuke a yi ta ciyo bashi ana zuba wa ɓarayi?" Na buɗe baki ke nan mai gabatarwa ya ɗaga mini hannu, lokacin talla ya yi. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Bari in fara ba ka gaskiyarka. Tallafin mai, yadda aka riƙa tafiyar da shi, ruɓaɓɓe ne. A 2011 naira biliyan 245 aka ware masa a kasafi, amma kwamitin Majalisar Wakilai da Farouk Lawan ya jagoranta ya gano abin da aka kashe ya haura tiriliyan 2, har da kamfanonin da suka karɓi kuɗi ba su shigo da ko ɗigon mai ba. Shi kansa shugaban kwamitin daga baya kotu ta ɗaure shi saboda cin hanci a kan wannan binciken, ka ga zurfin ramin. A 2022 tallafin ya lashe sama da tiriliyan 4, ga kuma man da ke sulalewa Nijar ta Jibiya da Maigatari. Kasafin da Buhari ya bari ma, tanadin tallafin da ke ciki iyakarsa Yunin 2023. Ban taɓa cewa a koma gidan jiya ba.

Abin da nake kuka da shi, a masaƙa na koyo shi.

Shekara 19 na yi ina akanta a wata masaƙa a Sharaɗa. Na shiga a 1983, lokacin da in an tashi daga aikin safe sai ka rasa wurin ratsawa saboda kekuna. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. Da Babangida ya kawo SAP, wato shirin sauya fasalin tattalin arziki, a 1986, kafin shekarar ta ƙare dala ta haura naira 3, mu kuwa sinadarin rini da kayan gyaran inji duk daga waje muke sayo su. A wannan tsakanin aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga, aka ce kasuwa ta yi halinta. Ta kuwa yi. Audugar da a da take zuwa mana daga Funtuwa da Gusau an tantance ta daraja-daraja, sai ta koma zuwa a cakuɗe, wani buhun har da yashi don ya ƙara nauyi. Hukumar tana da nata ɓarayin, ban musa ba, sai dai da aka kore ta ba a ajiye kowa a kan sikeli ba. A 1997 kuma aka ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar waje ta cika Kantin Kwari.

A cikin wannan matsin ne wata rana manaja ya kira ni ofis, ya ce in kawo masa inda za a yanke. Na kai masa takarda, abu na farko a kanta gidan saukar baƙi da kamfanin ke haya a Nasarawa, wanda sai a yi wata uku ba a kwana a ciki ba, sai motocin daraktoci. Ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba, ya ja layi a ƙasan takardar, inda masu giris suke. Mutum shida ne, aikinsu da dare su bi injunan saƙa ɗaya bayan ɗaya suna shafa giris, suna ɗaure abin da ya kwance. Ni na buga sunayensu da hannuna. Babbansu wani dattijo ne daga Ɗorayi, wanda yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya faɗa maka boris ɗin da zai mutu mako mai zuwa. Ranar da ya zo karɓar kuɗin sallama, ya ƙirga, ya sa a aljihu, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya ce, "Akanta, inji na goma sha huɗu yana kuka, a sa wani ya duba shi." Ba wanda ya duba. A littafina watan nan ya yi kyau, kashe kuɗi ya ragu, har yabo aka yi mini. Kafin damina ta zagayo injunan sun fara tsayawa, kuma kowane ƙarfe da ya karye da dala ake sayo shi. A 2002 aka sa wa ƙofar kwaɗo.

Tun daga nan, duk lokacin da na ji gwamnati ta ce za ta tsuke bakin aljihu, abin da nake fara dubawa shi ne ta ina wuƙar ta fara, kuma me aka tanada kafin a yanka.

Duba 2023 da wannan idon. Ranar 29 ga Mayu, a wurin rantsar da shi a Dandalin Eagle da ke Abuja, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Daga baya a Faransa shi da bakinsa ya ce maganar ba ta cikin rubutaccen jawabin, a kan mumbari ƙarfin hali ya zo masa. Kafin gari ya waye gidajen mai a titin Zariya da titin Gidan Zu sun ja ƙofa, cikin kwana biyu litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500. A ranar babu ministan kuɗi, babu na sufuri, babu na ƙwadago, sai 21 ga Agusta aka rantsar da ministoci. Mako biyu bayan cire tallafin Babban Banki ya sakar wa naira mara, dala ta tashi daga wajen 460, kafin Fabrairun 2024 ta kai 1,500. Kai da kake karanta wannan fanni ka fi ni sanin cewa a lokacin da dala muke shigo da fetur, domin matatar Ɗangote sai Satumbar 2024 ta fara fitar da shi. Wato mataki na biyu ya cinye ribar mataki na farko. Shi ya sa a Agustan 2024 kamfanin NNPC ya amsa cewa yana sayar da mai ƙasa da yadda yake sayo shi, sai dai ba a yarda a kira giɓin tallafi ba. Zuwa Oktoba lita ta haura naira 1,000. A Afrilun shekarar an riga an ɗaga kuɗin kowane yunit na wutar lantarki ga 'yan rukunin farko, wato Band A, daga wajen naira 68 zuwa 225. Mafi ƙarancin albashi kuwa yana nan a naira 30,000 har Yulin 2024, wata 14 cur. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu an kama hanya ma kafin a shuka duman.

Ka san abin da ya biyo baya, a garin nan kake. Ɗan sahu ya yini yana yawo, da yamma in ya cire kuɗin mai da balas ɗin mai babur, ba ya iya sayen kwanon masara. A Kwari farashin safe daban, na la'asar daban. Ranar 1 ga Agustan 2024 tura ta kai bango, jama'a suka fita zanga-zanga, aka kwana da dokar hana fita ta awa 24.

Yanzu juyo ga aljihun masu yankan. Ministoci 45 aka rantsar a tashin farko, aka ƙaro wasu. 'Yan Majalisar Tarayya, su 469, aka saya musu manyan motoci, rahotanni suka ce kowace wajen naira miliyan 160. An kammala gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa a kan biliyan 21, an sayo wa fadar shugaba jirgin Airbus A330. Rahoton Oronsaye, wanda tun 2012 ya ce a haɗe hukumomin da aikinsu ɗaya ne, a Fabrairun 2024 aka ba da umarnin aiwatar da shi, sai ga sabuwar ma'aikatar kiwo da sababbin hukumomin raya shiyyoyi. Da aka ce ta Arewa maso Yamma a Kano za ta zauna na yi murna kamar kowa, amma ni akanta ne, murna ba ta shiga littafi.

Na san abin da za ka ce: duk a tara waɗannan ba su cike ramin tiriliyoyi. Haka ne. Gidan baƙin Nasarawa ma shi kaɗai ba zai ceci masaƙarmu ba. Amma da shi aka fara rufewa, da masu giris sun zauna, injuna sun ci gaba da juyawa, kuma da ranar da aka ce ma'aikata su haƙura da ƙarin albashi sun haƙura, don sun ga wuƙar ta taɓa na sama.

Kuɗin da kake tambayar inda za a samo kuwa, ai an riga an samo shi, daga aljihun ɗan sahu da mai markaɗe da malamar firamare. Kafin a cire tallafi, abin da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ba ya kai tiriliyan 1 a yawancin watanni. A 2025 ya taɓa tiriliyan 2. Darajar nairar ta zube, na yarda, ka cire wannan a lissafinka. Abin da ya rage fa? Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ofishin Babban Akanta na Tarayya yana fitar da alƙaluman rabon wata-wata. Ka ɗauko na ƙaramar hukumarku na shekara biyu, ka jera su, sannan ka leƙa asibitin sha-ka-tafi da firamaren unguwarku ka rubuta abin da ka gani.

In ka gama ka kawo mini, masu shirin sun san inda nake zama bayan la'asar. Sai mu hau sahu mu je Sharaɗa in nuna maka masaƙar. Yanzu sito ce, dilolin atamfar Sin ake ajiyewa a ciki, amma ramukan da aka kafe ƙafafun injuna suna nan a daɓen, har na na goma sha huɗun.

Wassalam,
Babanka, tsohon akantan masaƙa, Kano.